Baƙi Biyu a Jinin Mayenje

Ranar Litinin aka wayi gari babu Ruhogo a garken Karyeija. Kafin matan Kyabihura su gama turara tulunan madara, labari ya tsallaka tudu uku, maza sun cika ƙofar garken, kowa da sandarsa.

Ruhogo ba bijimin da zai ɓuya a bayan ciyawa ba ne. Ja ne wur kamar garwashi, ƙahoninsa farare tas, ko mutum ya ware hannuwansa biyu ba zai taɓa tsininsu ba. Tsofaffi suna iya jero iyayensa har kaka ta tara. Shi kaɗai ya rage daga tsohon iri a garken, domin tun da mahaifin Karyeija ya rasu, ɗan ya cika wurin da shanun Turawa masu baƙi da fari, marasa ƙaho, masu kallon mutum kamar sun manta abin da ya kawo su duniya. Ranar Juma'a mai zuwa ma aka shirya motar Sabiti, dillalin mahauta, za ta zo ta ɗauki Ruhogo.

Aka aika a kira Byentaro. Shekara talatin ya yi yana bin sawu tare da masu gadin gandun daji, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mutum ne da ba ya kallon fuskar mai gaishe shi sai ya fara duba ƙafarsa. An ce ya taɓa bin sawun kunkuru yini biyu, don kawai ya ga inda za shi.

"Ku ja baya," ya ce. "Kun tattake mini wasiƙar tun ban karanta ba."

Ya zagaya ƙofar baya, ya durƙusa, ya daɗe.

"Mzee, me ka gani?" in ji Karyeija, yana huci. Mzee, haka ake kiran dattijo a nan.

"Su uku ne. Mutum a gaba, saniya a bayansa, Ruhogo a bayan saniya. Babu igiya, babu duka. Mai neman barbara aka kawo masa, ya bi ta da ƙafarsa. Kofatonta na baya na dama ya ɗan karkace ciki." Ya ɗago. "Karnukanka sun yi haushi?"

"Ko tari ba su yi ba."

"To wanda ya zo, sun san warinsa."

Wannan maganar ce Byentaro ya yi ta da-na-sani a kanta daga baya. Tun bai rufe baki ba wani daga cikin taron ya ce, "Ishanga!" Sunan ya bi bakuna kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Shekara shida Ishanga ya yi yana kiwo a garken nan. Da ya ji za a sayar da Ruhogo ya tsaya ya yi cacar baki da maigidansa a gaban jama'a, ya ce muddin yana numfashi bijimin nan ba zai hau mota ba. A ranar aka sallame shi.

"Ku bi a hankali, 'ya'yan nan!"

Ba sai an waiwaya ba. Muryar Tibamanya ce, ƙanen mahaifin Karyeija, tsohon da in yana yi wa shanu kirari a wurin biki ana jinsa daga kwari na gaba. Shanunsa ma da tarinsa kaɗai suke barin rijiya su taho.

"Kai da ka yi niyyar miƙa shi ga wuƙa, yau kai ne da kuka?" ya ce wa Karyeija.

"Baffa, nawa ne. In na ga dama in gasa shi in raba wa karnuka."

Byentaro ya bar su suna musu, ya bi sawun. Ya bi shi ta gindin tudu, ta cikin farar ƙaya, har falalen dutsen da ke bakin iyakar gandun daji. Dutse ba ya riƙe sawu. Da la'asar kuma ruwa ya sauko ya wanke abin da ya saura.

* * *

Washegari Byentaro ya hau bayan babur zuwa kasuwar shanu. Ya tarar da Sabiti kwance a ƙarƙashin motarsa, ƙafafu kawai ake gani.

"Fito, mai wuƙa."

Sabiti ya turo kai, fuska duk baƙin mai. "Mzee Byentaro! Ka zo duba ko na cusa shi a aljihun wando? Dubi wannan akwala. Tun Asabar take nan kamar mushen giwa. In ka samu shaidar ta motsa, ni da kaina zan yi maka tukuici."

Byentaro ya sunkuya. Gizo-gizo ya yi saƙa daga taya zuwa ƙasa, har da ƙudaje uku da suka bushe a ciki. Motar ba ta je ko'ina ba.

"Ban da haka ma," in ji Sabiti, "ni in zan ɗauki sa, da igiya nake zuwa, da ƙarti huɗu, da ashar. Wannan salo na yaudarar bijimi da budurwa, naku ne, ku masu rera wa saniya waƙa."

Byentaro bai yi dariya ba, amma ya ɗaure maganar a bakin zaninsa.

* * *

Bukkar Ishanga tana gindin tudu, inda ƙasa ta fi tsakuwa. Matarsa Kekimuri ta kawo wa Byentaro madara.

"Na faɗi maganar, Mzee," in ji Ishanga. "Kuma da ina da hali da na aikata. Amma ban yi ba."

"Ina kake ranar Lahadi?"

"Nan."

"Wa ya gan ka?"

"Matata da shanuna. Wanne za su yarda da shi?"

Byentaro ya shiga ɗan garken. Shanu huɗu ne. Biyu da ciki, ɗaya tana shayarwa, ɗaya kuma tsohuwa ce da haƙoranta suka ƙare. Babu wadda za ta ja hankalin ko tsohon bunsuru, balle Ruhogo. Ya ɗaga kofatansu ɗaya bayan ɗaya, duk a miƙe suke.

Ya koma ya gaya wa mutane. Suka ce wanda zai saci sa ba zai rasa aron saniya ba. Daga ranar aka daina amsa gaisuwar Ishanga. In ya kawo shanunsa madatsar ruwa, sai a janye nasu gefe. Byentaro kuwa kullum yana bakin madatsar, yana duba laka, yana neman karkataccen kofato. Shanu ɗaruruwa suka sha suka tafi, bai gan shi ba.

* * *

A rana ta ashirin ungulaye suka fara shawagi a saman gandun daji.

Byentaro ya nemi masu gadi biyu, ya kuma aika wa Dakta Nyamwiza. Likitar dabbobi ce, 'yar yankin, wadda ta shekara biyu tana bin garke-garke da ƙananan kwalabe tana ɗibar jinin shanu. Duk garken da ta shiga sai ta rubuta masa lamba da shuɗin fenti a jikin dirkar ƙofa. A bayan idonta Uwar Kaska ake kiranta, kuma ta sani.

A cikin wani kwazazzabo suka sami Ruhogo. An kewaye wurin da ƙaya mai kauri, shi ya sa kura ba ta taɓa shi ba. Bai daɗe da mutuwa ba, jikinsa bai gama sandarewa ba. Ga dutsen gishiri an lashe rabinsa. Ga ciyawa an yanko an tara. Ga jarka an raba ta biyu an zuba ruwa. A gefe akwai busasshen kashin saniya, tari guda, alamar ta kwana da yawa a nan. A wajen shingen kuma ƙasa duk ta dagule da sawun ɓauna, har da ramin lakar da suke birgima.

"Ɓarawon nan ya fi mai kaya son kayan," in ji Byentaro a hankali.

Dakta Nyamwiza ta durƙusa. Farin kumfa ya cika hancin bijimin, ƙarƙashin kunnuwansa ya kumbura kamar an cusa ƙwai. Kunnuwan kansu cike suke da kaska.

"Amashuyo ne," ta ce, wato zazzaɓin kaska. "Amma abin da mamaki. Ruhogo ya yi shi tun yana maraƙi, ya tashi. Bai kamata ya kayar da shi ba."

Ta fito da ƙaramar wuƙa ta yanki kumburin, ta jefa a kwalba.

Da labari ya isa gari, Karyeija ya tara samari da ashana, suka nufi bukkar Ishanga. Da ƙyar ciyaman ɗin gari da dattawa suka tare su a hanya. Aka yanke cewa Asabar ta biyu za a zauna a gindin ɓaure. In ba a fito da wani ɓarawo ba, za a kwashe shanun Ishanga, a miƙa shi ga 'yan sanda, matarsa ta bar Kyabihura.

"Kai ka ce karnuka sun san shi, Mzee," in ji ciyaman. "Maganarka muka bi."

Byentaro ya koma gida. Aka kawo masa tuwon gero da miyar man shanu, ya kalla, ya ture.

* * *

Ana gobe zama, Dakta Nyamwiza ta aiko a kira shi. Ya same ta a barandar ofishinta, ta shimfiɗa wata doguwar takarda ta danne kusurwoyinta da duwatsu. Zanen itace ne a kwance, rassa a kan rassa, kowane tsinin reshe da lamba.

"Zauna, Baba. Ka san ba kaska ce ke kashe shanunku ba? Kaska jaka ce kawai, kaya take ɗaukowa. Mai kisan wata halitta ce da ba kai, ba ƙafa, ɗaki ɗaya tal ne duk jikinta. Dubu za su zauna a tsinin allura ba su matsi juna ba."

Byentaro ya gyara zama. "Tana da uwa?"

"Tana da uwa, tana da kaka. Kowace tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikinta, wanda ta gada. Wurin kwafe shi akan yi kuskuren harafi ɗaya jefi-jefi, sai 'ya'ya su gaji kuskuren, jikoki ma su gada. Duk waɗanda muka samu da kuskure iri ɗaya, mun san kakarsu ɗaya. Da haka aka zana wannan."

"Kamar farin tabon goshi da ke bin zuriyar saniya."

"Ka gama karatun."

Tsohon ya ƙura wa takardar ido. Ashe a cikin kowace saniya akwai wata ƙasa, da ƙabilu a cikinta, suna ƙaura, suna hayayyafa, suna da tsofaffin gidaje da baƙin haure, kuma ba wanda ya taɓa jin motsinsu. Shekara talatin yana kallon ƙasa, bai san akwai sawun da ke tafiya a cikin jijiya ba. Sai da ta taɓa hannunsa ya dawo.

"Manyan rassa biyu ne. Wannan na shanu ne, wannan na ɓauna. Asalinsu ɗaya, amma sun daɗe da rabuwa. Ɓauna tana yawo da nata ko atishawa ba ta yi. Saniyar da ta tsira daga na shanu, na shanu ba ya sake kayar da ita. Amma na ɓauna ba da shi aka yi wannan sulhu ba. Shi ya kashe Ruhogo." Ta ja yatsa zuwa reshen. "Duk shanun da na ɗebi jininsu a yankin nan suna can ɓangaren shanu. Nan kuwa biyu ne kawai. Ruhogo, da wata a gefensa, kamar 'yan uwa ɗaya."

"Wace ce?"

"Kwana biyu bayan mun dawo daga kwazazzabo, Kekimuri ta zo a guje, wai saniya tana mutuwa. Na yi mata allura, na ɗebi jini. Mai dabbare-dabbare ce, a garken Ishanga."

Byentaro ya girgiza kai. "Ishanga ba shi da mai dabbare-dabbare. Huɗu ne shanunsa, na ƙirga."

"Ni biyar na gani. Kuma ban gama ba, Baba. Baƙi biyu ne a jininta. Saniyar da ta yi amashuyo tana ƙarama ta warke, abin ba ya barin jininta, lamo yake yi. Sabon baƙon ya nuna inda ta je. Tsohon kuwa inda ta tashi yake nunawa." Yatsanta ya tsallaka zuwa wani ɗan siririn reshe da ke shi kaɗai. "Wannan zuriyar a garke ɗaya kawai na taɓa samunta. Rijiyarsu daban, makiyayarsu daban, shekara da shekaru ba su cuɗanya da kowa ba."

Lambar da ke tsinin reshen goma sha bakwai ce. Byentaro ya san dirkar da aka rubuta wa wannan lamba. Ya sha jingina sandarsa a jikinta.

"Na yi wa masu garke alkawarin ba zan tona asirin shanunsu ba," in ji ta. "Kuma takardar nan dangantaka ta nuna, ba ta ce wane ɓarawo ne ba."

"Ba sai kin kama suna ba, 'yata. Ni ma sawu bai taɓa gaya mini suna ba. Hanya yake nuna mini."

* * *

Rana ba ta faɗi ba Byentaro ya isa bukkar Ishanga a gindin tudu. Ya tarar da Kekimuri tana ɗaure tabarmi da tulunan madara a cikin zani. A ƙarƙashin wata bishiya saniyar tana kwance, ƙashin haƙarƙarinta a fili. Zazzaɓin ya sauka, amma an ajiye mata ciyawa ba ta ko shinshina ba. Fuskarta tana kallon tudun gabas.

Byentaro ya ɗaga ƙafarta ta baya ta dama. Kofaton ya karkace ciki.

"Mayenje sunanta," in ji Ishanga daga bayansa.

"Okuhereka ce?"

Ishanga bai musa ba. Kowa ya san al'adar: mutum ya ajiye saniyarsa a garken amininsa, amini ya sha madara ya kama bakinsa.

"Wa ya kawo ta?"

Ishanga ya ɗage rigarsa. A ƙasan cibiyarsa akwai wani ɗan tsohon tabo.

"Shekara ashirin ke nan da muka sha jinin juna a cikin madara. Ka san abin da ke samun wanda ya ci amanar ɗan'uwan jini. Ciki ya kumbura, zuriya ta ƙare. Lokacin da ya kawo ta ban san inda ta fito ba. Yanzu na sani. Amma bakina ba zai faɗa ba."

"Shi fa? Ya riƙe nasa rabin?"

"Wannan tsakaninsa da nasa cikin."

Kekimuri ta yi jifa da zanin. "Ka ji ko, Mzee? Zai kai mu titi saboda tabo! Ni da na san mai ita, da tuni na hau tudu na yi shela. Wayar gari kawai na yi na gan ta."

Byentaro ya dubi saniyar. Ya san dattawan Kyabihura. Ba za su kama mutum mai garke da daraja a kan zanen itace ba.

"Gobe ku kawo ta gindin ɓaure," ya ce. "Ko da ɗaukarta za a yi."

* * *

Da hantsi gindin ɓaure ya cika. Ciyaman yana tsakiya da dattawa. Karyeija yana tsaye ya ƙi zama. Sabiti ya zo kallo. Ishanga yana zaune a ƙasa, Mayenje kuma an kwantar da ita a gefen gabas, kanta a kan ƙafafunta.

Byentaro ya ɗebi ƙura ya saki, kamar yadda ya saba. Iska daga gabas take, tana kaiwa yamma. Ya bi ta da kallo. Can ƙarshen taro, a yamma, inda iska ba za ta kai warin mutum ga saniya ba, Tibamanya yana zaune ya lulluɓe kansa da bargo. Mutumin da ba a taɓa buɗe taro ba tare da muryarsa ba, yau ko gaisuwa da hannu ya yi ta.

Dakta Nyamwiza ta buɗe takardarta. Da ta kai wurin da ta ce saniyar nan ta zauna a kwazazzabo ɗaya da Ruhogo, taron ya ɓarke.

"Me kuma ake jira?" in ji Karyeija. "A garken wa aka same ta?"

"Ba a nan ta tashi ba," in ji Byentaro. "Jininta ya nuna garken da aka haife ta."

"Na wa ne?" ciyaman ya tambayi likitar.

"Wannan amana ce, ranka ya daɗe. Ba zan faɗa ba."

"Kai fa, Ishanga?"

Ishanga ya sunkuyar da kai.

Wani dattijo ya yi tsaki. "Mu dangin shanu muka sani, ba dangin ƙwari ba. Saniya tana garkensa, ya ƙi magana. Mene ne ya rage?"

Ciyaman ya ɗaga sandarsa. Kekimuri ta rufe fuska.

"Kafin hukunci," in ji Byentaro, "akwai abin da ba mu yi ba. Bijimi kamar Ruhogo ba ya tafiya ba a yi masa kirari ba. Abin kunya ne ga gari." Ya juya yamma. "Mzee Tibamanya, kai ne babba a gidan."

Kawuna suka juya. Tibamanya ya nuna maƙogwaronsa, ya girgiza kai.

"Mura ce," wani ya ce.

"Tibamanya da mura?" in ji Sabiti. "To lallai kwaɗi za su huta."

"Bari ni in gwada, ko da yake muryata ta tsohon ƙyaure ce." Byentaro ya miƙe, ya ɗaga sanda sama kamar yadda masu kirari suke yi. "Ruhogo, ja mai kama da garwashi! Mai ƙahon da ke tsefe gajimare! Ɗan Rugaju, wanda ya sha ruwa a gaban dubu!" Ya ja numfashi. "Uwarsa kuwa Kyozi ce, baƙar saniyar nan da aka sayo a kasuwa ranar Laraba, wadda ba wanda ya san ubanta..."

"Ƙarya kake!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan ɓauren. Tibamanya yana tsaye, bargon ya faɗi ƙasa.

"Ƙarya kake, mai bin kashin kura! Kasuwa? Uwar Ruhogo Bihogo ce, 'yar Gaju, jikar Siina! A hannuna aka haife ta, ni na share mata hanci! Babu ɗigon jinin kasuwa a..."

Ya tsaya cak. Amma muryar ta riga ta cika kwarin.

Mayenje ta ɗaga kai. Kunnuwanta suka miƙe. Saniyar da ta yi kwanaki ba ta tashi da kanta ba, ta dafa gwiwoyinta, ta yi tangaɗi, ta miƙe. Ta yi wani dogon kuka. Mutane suka dare mata hanya, ta ratsa tsakiyar taron tana layi, ta wuce ciyaman, ta wuce Karyeija, ta isa ƙarshen yamma ta cusa hancinta a hammatar tsohon.

Tibamanya ya tsaya da hannuwansa a sama, kamar wanda yake ƙoƙarin kada ya taɓa wuta. Sannan hannuwan suka sauko da kansu, suka kama wuyanta.

"Kin rame, 'yar nan," ya ce. "Kin rame."

"Baffa?" in ji Karyeija. "Kai?"

"Maraƙi ɗaya nake so." Tsohon bai ɗago ba. "Ɗaya tak, kafin mota ta zo. Kaka tara, yaro, za ka loda su a mota ranar Juma'a. Na roƙe ka aronsa sau uku, ka ce in sayi na Turawa. Na ce in ta ɗauki ciki zan mayar da shi. Na kai masa gishiri, na yanko masa ciyawa, na tare masa kura. Ɓauna ce ban yi lissafi da ita ba."

"Shi fa wancan?" Byentaro ya nuna Ishanga. "Shi ma ba ka yi lissafi da shi ba?"

Tibamanya ya dubi Ishanga, ya kasa riƙe kallon.

"Ni dai ban faɗa ba, ɗan'uwana," in ji Ishanga.

"Na sani. Kai ka riƙe jinin. Ni na zubar."

* * *

Dattawa ba su daɗe suna shawara ba. Karyeija ya ce ba zai kai ƙanen ubansa wurin 'yan sanda ba, amma zai shiga garken tsohon ya zaɓi bijimin da ya ga dama. Mayenje kuwa aka ce ta zama ta Ishanga har abada, ita da duk abin da ke cikinta, in akwai. Dakta Nyamwiza ta ce bayan zazzaɓi irin wannan ba ta yi wa kowa alkawarin maraƙi ba.

Ciyaman da kansa ya miƙa wa Ishanga hannu. Kekimuri ta ce a bar ta ta wuce gaba, tana da ɗauri da yawa da za ta kwance.

Sai dai da Ishanga ya kira Mayenje, ko kunne ba ta kaɗa ba. Ya ja ta, ta kafe. Samari biyu suka tura, ta ƙi.

"Ku ƙyale ta," in ji Byentaro. "Wanda ya kawo ta a ɓoye, shi zai kai ta da rana."

Tibamanya ya ɗauki sandarsa. Ya yi ɗan tari, ya kama hanyar gindin tudu, saniyar ta bi shi tana layi. Mutanen gari suka tsaya a bakin hanya suna kallo.

Byentaro ne ya taho a ƙarshe, kansa a ƙasa kamar kullum. Ga sawun nan a kan ƙura, sabo fil, irin wanda ya gani ranar Litinin ɗin nan. Mutum a gaba, saniya mai karkataccen kofato a bayansa, babu igiya, babu duka. Na ukun ne kawai babu.